Waliyyin da Aka Yanke Daga Cikin Zanensa

A watan Nuwamba na 1874 aka wayi gari da wata irin sata a babbar majami'ar birnin Sebiya, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya, a kudancin Sifaniya. Zanen yana nan rataye a bango. Mala'ikun da ke cikinsa suna nan, jaririn da ke saukowa cikin haske yana nan. Mai durƙuson ne ya ɓace. Ɓarawo ya sa wuƙa ya zagaye shi, ya cire shi, ya bar wawakeken rami.

Bartolome Esteban Murillo, ɗan garin, shi ya yi zanen a 1656. Tsayinsa ya haura mita biyar, don haka ba abin da mutum zai saɓa a kafaɗa ya fita da shi ba ne. Yana nuna Waliyyi Antoni na Paduwa, ɗan ɗarikar Faransiskan da ya rasu a 1231, ya durƙusa a ɗakinsa ya buɗe hannuwa, yana tarbar Yesu a siffar jariri. A gefe ga tebur da tulun furanni, waɗanda mutanen garin suka daɗe suna cewa har tsuntsaye kan shigo su kai musu caka, tsabar kamarsu da na gaske. Ko an yi haka ko ba a yi ba, labarin ya nuna yadda suka ɗauki zanen.

Zanen ma ya tsallake rijiya da baya a can da. Lokacin da sojojin Faransa suka mamaye birnin a 1810, kwamandansu Soult ya kwashe zane-zanen Murillo da dama ya yi gida da su. Wannan ya tsira daga hannun runduna guda, sai ga shi mutum da wuƙa ya ci galabarsa. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi, Antoni ne waliyyin da 'yan Katolika ke roƙo idan kayansu ya ɓata. To, yau ga shi shi ne ake cigiya.

A watan Janairu na 1875, can a New York ta Amurka, wani mutumin Sifaniya ya shiga shagon William Schaus, dillalin zane a titin Broadway, ya ce yana da aikin Murillo na sayarwa. Da aka kawo, Schaus ya gane ko mene ne, domin labarin satar ya riga ya karaɗe jaridu. Bai nuna komai ba. Ya taya, suka daidaita a kan dala 250, kuɗin da ko kusa da darajar abin bai kai ba, ya biya ya karɓe, sannan ya miƙa shi ga ƙaramin jakadan Sifaniya da ke birnin. A ganina wayonsa ya fi na ɗan sanda: da ya yi ihu, da mai kaya ya naɗe abinsa ya arce.

A wannan shekarar aka mayar da guntun zanen zuwa Sebiya, fentinsa ya ɓarɓare a wurare saboda naɗewa. Aka kira Salvador Martinez Cubells, gwanin gyaran zane na gidan tarihin Prado da ke Madrid, ya haɗe shi da uwar zanen ya cike inda ya lalace. Ya yi aiki mai kyau, amma tabon wuƙar bai ɓace duka ba, kuma masu yi wa baƙi jagora a majami'ar har yau sukan nuna layin da ya zagaye waliyyin.