Idan Kwamfuta Ta Karɓe Aikin Kunne

A ƙarshen damina da ta wuce, ni da wasu 'yan'uwana muka yi karo-karo muka kai wani dattijo mai kukuma na garinmu wani situdiyo a Kano, domin a ɗauki waƙoƙinsa kafin ta Allah ta kasance. Shekarunsa sun haura 80, kuma babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa da ya gaji sana'ar. Matashin da ke kula da na'urori ya yi aikinsa cikin natsuwa, bayan sa'o'i uku ya kunna mana abin da ya ɗauka. Sauti ya fito tas, ba ƙura ba hayaniya, amma dattijon ya sunkuyar da kai ya ce da shi, "Yaro, wannan muryata ce, amma ba waƙata ba ce."

Wannan magana ce ta sa na zauna na nemi sanin abin da ya faru, kuma ina ganin ya dace mai karatu ya san shi, domin ya shafi duk abin da muke saurare a waya da rediyo.

A aikin ɗaukar sauti akwai ma'auni iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne ƙarfin shiga, wato yawan sautin da ake bari ya wuce daga makirufo zuwa cikin na'ura. Idan ya yi ƙasa, sai shuuu ɗin wayoyi ya rinjayi murya. Idan kuwa ya haura iyakar da kwamfuta ke iya ɗauka, sai kan sautin ya guntule, ya riƙa tsagewa a kunne, kuma gyara irin wannan ɓarna yana da wuya ƙwarai. Na biyu shi ne ƙarfin fita, wato matsayin da ake ba kowace murya da kowane kayan kiɗa a lokacin haɗa su wuri guda. Duka biyun da desibel ake auna su.

A da can, hannu ne ke wannan aiki. Injiniya zai ɗora yatsunsa a kan maɓallan da ake turawa sama da ƙasa, yana bin mawaƙi sau da ƙafa, ya ɗaga inda murya ta yi sanyi, ya sassauta inda ta yi tsawa. Idan waƙar ta yi kayan kiɗa da yawa, sai mutum biyu ko uku su taru a kan teburi ɗaya, kowa da nasa maɓallan, in ɗaya ya kuskure a koma farko. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Neve da Solid State Logic na Ingila suka fito da teburan da ke haddace motsin hannun injiniya su maimaita shi. Da manhajoji irin su Cubase a 1989 da Pro Tools a 1991 suka bayyana, sai aikin ya koma zana layi a fuskar kwamfuta: inda layin ya hau sauti ya ƙaru, inda ya sauka ya ragu. Har zuwa nan dai mutum ne ke yanke hukunci, na'ura kuma tana biye da shi.

Canjin gaske ya zo ne da manhajojin da ke yanke hukuncin da kansu. A 2009 kamfanin Waves ya fitar da Vocal Rider, wadda ke sauraren murya tana ɗagawa da saukewa don ta tsaya a matsayi guda. Irinta ce matashin nan ya ɗora wa dattijonmu, ya ƙara da kwamfuresa mai matse tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. To, a waƙar dattijon akwai inda yake ambaton mahaifiyarsa, ya sassauta murya har kusan raɗa, sannan ya bari kukuma ta yi kuka ita kaɗai. Manhajar ta ɗauki wannan sassauci a matsayin kuskure, ta ɗaga shi ya yi daidai da sauran. Abin da ke sa gashin jikin mai sauraro ya tashi, shi ne abin da ta goge.

Turawa ma sun sha wannan kwana. Shekaru da dama kamfanonin waƙa suna gasar wa zai fi wani ƙara, har ta kai a 2008 masoyan ƙungiyar Metallica ta Amurka suka yi ta ƙorafi a kan faifansu mai suna Death Magnetic, saboda matsar da aka yi masa ta sa sautinsa na tsagewa. Daga baya aka samu ma'auni na bai-ɗaya: Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da nata tsarin auna ƙara a 2006, ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai ta bi da nata a 2010. Yanzu dandali irin su Spotify da YouTube kan rage ƙarar waƙar da ta wuce ma'auninsu. Ma'ana, wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara ya yi asarar armashinta, kuma ƙarar da ya nema an ƙwace masa. Ya zama ba tsuntsu ba tarko.

Ba ina cewa a watsar da waɗannan manhajoji ba ne. Ga mai shirya hira ta rediyo, ko mai gyara karatun malami da aka ɗauka a masallaci mai amsa-kuwwa, suna rage wahala sosai. Kuma na fahimci matashin nan: kuɗin da muka biya bai kai ya kwana a kan waƙa ɗaya ba, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, ga masu jiran layi. Sai dai kiɗanmu na gargajiya a kan hawa da sauka aka gina shi. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ya san yadda jagora ke ɗaga murya, 'yan amshi su karɓa, kalangu ko kotso ya lafa sannan ya taso. Idan aka daidaita waɗannan duka suka zama tsawo ɗaya, an adana kalmomi amma an zubar da waƙar.

Mun koma situdiyon bayan mako guda. Sa'ar da muka yi ita ce matashin bai goge asalin ɗaukar ba, kuma ya saita ƙarfin shiga da kyau tun farko. Ya cire manhajar, ya zaunar da dattijon kusa da shi, suka bi waƙar ɗango bayan ɗango, yana zana layin da hannunsa, dattijon na ce masa, "Nan bar ta ƙasa, ɗana." Aikin ya ci yini guda, muka ƙara masa kuɗi ba tare da ya tambaya ba.

Shawarata ga masu situdiyo ita ce su riƙa ajiye asalin ɗauka ba tare da an taɓa shi ba, kuma su saurari waƙa daga farko har ƙarshe kafin su ɗora mata kowace manhaja. Mu kuma masu kai aiki, musamman masu son adana muryoyin dattawanmu, mu daina neman araha da gaggawa a lokaci guda, domin mai kukuma irin namu ba za a sake samun damar ɗaukarsa sau biyu ba. Allah Ya sa mu dace.