Zafin ɗaki da kuɗin wuta: a yi hattara da 'yan talla

A Boɗinga da Shagari, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, rufin kwano ya mai da ɗaki tanda. Nan 'yan talla ke cin kasuwa: ɗan akwatin da ake maƙalawa a soket wai yana rage cin wuta, ko fentin bango wai yana maye gurbin silin. Akwatin ba ya rage lissafin mitar Kaduna Electric, siririn fentin kuma ba ya tare zafi kamar silin.

Abin da ke aiki shi ne sanya silin, shafa wa saman kwano farin fenti, tagogi masu fuskantar juna, dasa dogonyaro ta yamma, da ƙwan LED, wanda cin wutarsa bai kai rubu'in na tsohon ƙwai ba.