Jinyar Mage A Mangaza: Wata Biyu Tsakanin Shinkafar Ɓera Da Buhunan Wake

Duk ɗan kasuwar da ke ajiyar hatsi ya san cewa masu gadi biyu ne ke tsare masa dukiya. Akwai na bakin ƙofa, wanda ake biya a ƙarshen wata, akwai kuma ta ciki wadda ba ta karɓar ko dala, wato mage, ko mussa kamar yadda wasu ke kiranta, ko kyanwa in ji Kanawa. Idan na bakin ƙofa ya kwanta ciwo, ana kai shi gidan likita a kuma je gaishe shi. Ita kuwa ta ciki idan ta kwanta, sai ka ji an ce a ƙyale ta, ai mage rai tara gare ta. Wannan magana ta yi ajalin maguna masu yawa a kasuwanninmu.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a mangazar kawuna, wato sitonsa, a Maraɗi. Ya daɗe yana sayen wake a kasuwannin ƙauye yana tarawa, daga nan a yi lodi zuwa Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Masu karatu ba su manta ba, a watan Agustan 2023 ne aka rufe iyaka, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Saboda haka kakar wannan shekara ta tarar da mangazu cike, kaya na shigowa amma ba sa fita yadda aka saba. Inda hatsi ya daɗe a jibge kuwa, ɓera ya samu gari.

Ga mai wake, ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga abin da ya ci ba. Tun daga 2007 da aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku, manoma da ƴan kasuwa da dama suka koma ajiye wake a cikinsa ba tare da zuba magani ba, domin ledojin ciki suna hana iska shiga har ƙwarin su mutu. To da zarar ɓera ya huda ledar, iska ta shiga, ƙwari sun farfaɗo, buhun da ka yi wa tanadin watanni sai ka buɗe ka tarar da gari. Bugu da ƙari, wani nau'in ɓeran gida shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, yana kuma yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ke nan magen da ke kwana a kan buhuna aiki take yi, ba zaman banza ba.

Magen kawu ta kai shekara 5 a mangazar. Fara ce mai baƙin tabo a goshi, ba ta da wani suna, kowa Mage yake ce mata. A cikin watan Disamba, da sanyin hunturu ya kankama, aka wayi gari ba ta fito karɓar ɗan abin da yaron shago ya saba jefa mata ba. Sai da yamma aka same ta a bayan buhuna, ta miƙe a kan siminti, tana numfashi sama-sama, ko kai ba ta iya ɗagawa.

Kafin ka ce me, ƴan layi sun taru, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a ɗura mata manja, wancan ya ce madara ke kashe dafi, wani kuma ya ce a kai ta bola tun ba ta mutu a cikin kaya ba. Shi kuwa kawu har ya ciro Panadol daga aljihu ya fara daka shi a murfin kwalba. Allah Ya sa akwai wani dillalin dabbobi a wurin, mutumin da ya saba da likitocin dabbobi saboda shanun da yake fitarwa, shi ne ya riƙe masa hannu ya ce kada ya kuskura.

A nan ina so masu karatu su tsaya su ji da kyau, domin wannan kuskure ne da tausayi ke sa mutum ya yi. Farasitamol, ko da wane suna aka sayar da shi, guba ne ga mage. Hantar ɗan Adam tana iya sarrafa shi ta fitar, ta mage ba ta iyawa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Su asfirin da sauran magungunan ciwon jiki da ake tallansu a faranti su ma haɗari ne, ballantana ga dabbar da jini ke zuba a cikinta. Madara kuma ba ta kashe dafi, hasali ma yawancin manyan maguna zawo take sa su. Ɗura manja ga dabbar da ba ta iya haɗiya na iya sa ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu.

Aka naɗe ta a tsumma, aka sa a kwali, yaron shago ya hau kabu-kabu da ita, mu kuma muka bi baya. Ba zan ɓoye ba, an yi mana dariya a layin. Shi kansa likitan dabbobin, wanda yawancin aikinsa shanu ne da tumaki da kaji, sai da ya yi murmushi da ya buɗe kwalin. Amma da ya ɗaga leɓenta ya ga dasashin ya yi fari fat, ya kuma ji an ga jini a inda ta yi fitsari, sai ya daina murmushi. Tambayarsa ta farko ita ce ko an zuba maganin ɓera a kusa cikin kwanakin nan. Kawu ya rantse bai taɓa zubawa ba. Da aka koma aka bincika, ashe yaron maƙwabcinmu ne ya kwaɓa shinkafar ɓera da busasshen kifi kwana 4 da suka wuce, ya ajiye a gindin bangon da ya raba mangazun biyu. An ci sa'a bai yar da ledar maganin ba, aka kai wa likita ya karanta.

Maganin ɓeran da ke yawo a kasuwanninmu ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin shi ne rabin magani. Akwai baƙin garin nan mai wari, wanda ke aiki cikin sa'o'i kaɗan, ba shi kuma da makari. Ko aman dabbar da ta ci shi yana fitar da iska mai cutar da mutum, don haka ba a tsayawa a kansa a rufaffen ɗaki. Akwai kuma mai aiki a hankali, wanda ke hana jini daskarewa. Na farkonsa, warfarin, an fara sayar da shi a Amurka a 1948. Da ɓeraye suka fara jure masa, sai a shekarun 1970 aka fito da waɗanda suka fi shi ƙarfi, irin su brodifacoum da bromadiolone, sunayen da mai ido zai iya gani a jikin leda. Dabbar da ta ci irin wannan ba ta nuna komai a ranar. Sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da jikinta ya ƙarar da abin da ke sa jini ya daskare, sannan jini ya fara tsiyaya a ciki, a ƙirji ko a hanji ko a ƙarƙashin fata. Shi ya sa mai dabba ba ya danganta ciwon da gubar, domin a ganinsa abin ya wuce. Wannan na biyun ne magen kawu ta ci, kuma shi yana da makari, wato bitamin K1.

Likita ya auna nauyinta, ya yi mata allurar farko a ƙarƙashin fata, ya rubuta sauran aka sayo a farmasi, irin wanda ake ba jarirai ranar haihuwa. Ya ja kunnenmu a kan abu biyu: cewa K1 ne kawai ke aiki, kada a yarda a musanya mana da K3, sa'annan kada a tsayar da maganin kafin mako 4 ko da an ga ta tashi tana gudu, saboda gubar tana daɗewa a hanta. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa ta zubar da jini da yawa, kwana biyun farko su ne za su nuna.

Daga nan jinya ta fara, kuma a nan ne na ga abin da Hausawa ke nufi da cuta ke shiga farat ɗaya, sauƙi sai a hankali. Aka keɓe mata lungu a ɗan ɗakin da kawu ke ajiye ma'auni, aka shimfiɗa buhun algarara a cikin kwali saboda sanyi, aka ajiye tasar yashi a gefe. An hana ta fita ko hawa kan komai, domin ko ɗan bugu kaɗan na iya buɗe sabuwar zubar jini. Babbar matsalar ita ce abinci. Mage ba kamar kare ba ce. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, hantarta na iya lalacewa ko da ciwon farko ya warke. Ita kuwa ko kallon kwano ba ta yi. Sai yaron shago ya riƙa dafa kifi ba gishiri, ya cire ƙaya, ya dama shi ruwa-ruwa, ya zuƙa a sirinjin da aka cire wa allura, ya riƙa ɗiga mata ta gefen baki kaɗan-kaɗan, yana jira ta haɗiye kafin ya ƙara. Sau 5 ko 6 a yini. Ranar farko ya kusa zuba mata romon miyar da aka kawo daga gida, likita ya hana, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin mage, ita kuwa jinin take nema. Shi maganin da ɗan abinci mai maiƙo ake haɗa shi don ya fi shiga jiki, sai aka riƙa sa shi a cikin sadin na gwangwani.

Ko ya magen ta saba da mutum, idan tana jin ciwo tana cizo tana yaƙushi, shi ya sa ake naɗe ta a zane a bar kai kawai a waje. Wanda kuma dabba marar lafiya ta ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi gidan likita, domin ciwon haukan kare yana kama mage ita ma.

A kwana na 3 numfashin ya daidaita. A na 6 ta lashi kifi da kanta. Kafin kwana 12 ta fara kuka a bakin ƙofa tana neman fita, dasashin ya fara ja. A nan muka yi kuskuren da aka gargaɗe mu a kai. Kawu ya yi tafiya ƙauye, maganin ya ƙare, yaron ya ga ta warware sai bai ce a sayo wani ba, ya ma buɗe mata ƙofa ta koma kan buhuna. Bayan kwana 3 aka same ta tana ɗingishi, cinyarta ta kumbura da jinin da ya taru a ƙarƙashin fata, ta sake yin laushi. Aka sake hawa kabu-kabu. Likitan bai yi faɗa ba, ya dai ce a koma ɗaki a sake ƙirga mako 4 daga farko.

Wannan zagaye na biyu ya fi na farko gajiyarwa, ba don ya fi tsanani ba, sai don mutane sun fara gundura. Ƴan layi suka riƙa lissafa wa kawu jikkunan da ya kashe, suna cewa ai ƴar mage kyauta ake bayarwa a kowace unguwa. Amsarsa biyu ce. Ta farko, ƴar mage sai ta yi watanni kafin ta iya fuskantar ɓeran mangaza, kuma abin da ya kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin buhun wake ɗaya ba. Ta biyu, ya tuna masu da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle har yunwa ta kashe ta, da kuma cewa sahabi Abu Huraira ya samu wannan laƙabi ne saboda ƴar magen da yake ɗauke da ita. Ni dai a ganina ta farkon ce ta fi shiga kunnen ƴan kasuwa.

Su kuwa ɓeraye ba su jira kowa ba. Cikin makonnin da mai gadin ciki ke kwance, sai da suka huda buhu 7, dole aka sake masu leda, biyu ma an makara. Kawu ya ƙi zuba magani, ya sayo tarkuna, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ya sa magini ya toshe ramukan gindin bango da siminti, aka riƙa share waken da ya zube kowane maraice. Abin ya rage, bai dai ƙare ba.

Maƙwabcin namu mutumin kirki ne, ya zo ya ba da haƙuri, ya ma ce zai biya rabin kuɗin magani, kawu ya ƙi karɓa. Abin da ya roƙa shi ne duk wanda zai zuba maganin ɓera a layin ya sanar tukuna, ya sa shi a cikin bututu ko gwangwanin da mage da kaza da hannun yaro ba za su kai ba, kada a kwaɓa da kifi ko nama, kuma da safe a tsince mushen ɓerayen a binne, domin magen da ke yawan cin ɓeran da ya sha guba ita ma tana iya kamuwa. Wasu sun bi, wasu ba su bi ba.

Sai a tsakiyar watan Fabrairun 2024 aka buɗe mata ƙofa, bayan an tsayar da magani an kuma sa mata ido na ƴan kwanaki kamar yadda likita ya ce. Ta rame, gashin cinyar bai gama daidaita ba, kuma da farko ko buhu biyu ba ta iya hayewa sai ta huta. Ta yi kusan mako biyu tana kwanciya a rana a bakin mangaza, ɓeraye na wucewa tana kallonsu. Ranar da ta kama na farko, ta kawo shi gaban tabarmar kawu ta ajiye. Kawu ya sa sanda ya janye shi, ya ce da yaron ya je ya binne, don bai san a mangazar wa ɓeran ya yi kalaci ba, sa'annan ya aika a sayo mata gwangwanin sadin.