Babi na Tara: Taron da Ake Bin Jumla Ɗaya Bayan Ɗaya

Mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka kwamitin IPCC wani katafaren ɗakin gwaje-gwaje ne da ke auna zafin duniya yana ba gwamnatoci umarni. Wannan magana ta ishe ni. Tun da aka kafa shi a 1988 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kwamitin bai taɓa yin binciken kansa ba. Abin da masana suka riga suka wallafa kan sauyin yanayi yake tattarawa ya tace ya fitar da rahoto. Umarni kuwa ba huruminsa ba ne, marubutan rahoton ma ko sisi ba ya biyan su.

Rahoton dubban shafuka ne, babu ministan da zai karanta. Shi ya sa ake fitar da taƙaitaccen bayani domin masu mulki, kuma a nan ake yin ta. Ƙasashe 195 ne mambobi. Wakilansu su cika zaure, masana na zaune a gaba, a haska jumla ɗaya a allo, ba za a wuce ta ba sai kowa ya yarda. Wani ya ce a cire kalma, wani ya ce a mayar, har a kwana ana abu ɗaya. Sai dai masanan na da ikon cewa a'a idan gyaran ya saɓa wa abin da ke cikin kundin.

A Madrid, cikin Nuwamban 1995, an kai ruwa rana kan jumla guda: shin an fara ganin hannun ɗan'adam a ɗumamar duniya? Wakilan Saudiyya da Kuwait suka kafe. Sai da dare ya raba aka samu lafazin da kowa ya haƙura da shi, mai taka-tsantsan ƙwarai, amma jumlar ta tsira. Bayan shekara biyu aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Ba kullum masana ke nasara ba. A Berlin a 2014 an zare zane-zanen da suka kasa hayaƙin ƙasashe gwargwadon arzikinsu, suka rage a cikin kundin kawai.

To me ya sa masanan suke jure wannan wahala? Saboda gwamnatin da ta amince da jumla da bakinta, musunta ta gobe sai da borin kunya. Akan yi borin kuwa. A taron sauyin yanayi na Katowice, Disamban 2018, Amurka da Rasha da Saudiyya da Kuwait suka ƙi a yi maraba da rahoton IPCC kan ɗumamar digiri 1.5, wanda wakilansu suka amince da taƙaitawarsa a Koriya ta Kudu wata biyu kafin nan.