Ciwon Pompe: Kumburin Zuciyar Jarirai da Maganin Maye Gurbin Sinadari

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, idan aka haifi jariri ya kai wata huɗu ko biyar wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya yi laƙwas, harshensa ya cika masa baki, sau da yawa hukuncin da tsofaffi kan yanke shi ne ɗan ruwa ne, wato aljanu sun yi musanye. Cututtuka da dama kan jawo irin wannan kama, kuma mafi yawansu suna da suna a likitance. Wannan muƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wadda ba kasafai ake samun ta ba amma tana kisa da wuri, wato ciwon Pompe.

Sunan ya samo asali ne daga wani likita ɗan ƙasar Holan, Johannes Pompe. A shekarar 1932 ya wallafa binciken da ya yi wa gawar wata jaririya 'yar wata 7, inda ya tarar zuciyarta ta yi girma fiye da kima, naman zuciyar kuma cike yake da gilaikojin. Shi wannan likita 'yan Nazi ne suka harbe shi a watan Afrilun 1945 saboda adawa da mamayar ƙasarsa, bai ga inda bincikensa ya kai ba.

Gilaikojin shi ne sukarin da jiki kan adana domin gaba, kamar hatsi a rumbu. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai wasu 'yan jakunkuna da ake kira laisosom, aikinsu niƙe abin da ya tsufa. Ba sa iya wannan niƙa sai da enzayim. (Ga ɗalibin harshe, kalmar nan tana da wuyar sha'ani. “Sinadari” da muka saba ji a rediyo ta yi faɗi, don har gishiri ana kiran sa haka. Ni dai na fi son a ce sinadarin narkarwa.) A 1963 Henri-Géry Hers na ƙasar Beljiyam ya gano cewa masu ciwon Pompe ba su da wani sinadarin narkarwa guda ɗaya, wanda ake taƙaita sunansa da GAA. Rashinsa ke sa gilaikojin ya yi ta taruwa har jakunkunan su kumbura su fashe, tsoka ta lalace.

Zuciya kuwa tsoka ce, kuma ita ce tsokar da ba ta hutawa. A jaririn da ba shi da sinadarin kwata-kwata, bangon zuciya kan yi kauri tun cikin watannin farko, wani lokaci ma tun yana ciki. Mai karatu zai iya zaton zuciya mai kauri ƙarfi gare ta. Ba haka abin yake ba: bangon yana kauri, ɗakin da jini ke taruwa yana tsukewa, sai jinin da take turawa ya ragu. Ga shi kuma zuciyar kan danne hanyar iska ta huhun hagu, alhali tsokar numfashi ma ta yi rauni. Abin da uwa za ta gani shi ne yaro yana haki, yana gumi in yana shan nono, ya gaji kafin ya ƙoshi, ba ya ƙiba, ga yawan ciwon ƙirji. Bugun zuciyar ma kan rikice, shi ya sa ba wa irin wannan yaro maganin sa barci domin tiyata ke da haɗari ƙwarai. Idan ba magani, galibinsu ba sa cika shekara ɗaya. Akwai nau'in da kan bayyana a manya, amma shi ya fi taɓa ƙafafu da numfashi, ba safai yake kama zuciya ba.

Dabarar maganin a baki mai sauƙi ce: tunda jiki ba ya yin sinadarin, a yi shi a waje a zuba masa. Aiwatarwar ce ta ci fiye da shekara 30. A 1999 likitoci a birnin Rotadam suka gwada wanda aka tace daga nonon zomayen da aka sauya wa ƙwayar gado, a Jami'ar Duke ta Amurka kuma Dokta Yuan-Tsong Chen da abokan aikinsa suka yi amfani da wanda aka samar daga ƙwayoyin halittar wani nau'in ɓera. A 2006 hukumomin Turai da Amurka suka amince da maganin Myozyme. Ana ba da shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan mako biyu, har iyakar rayuwa. A gwajin da aka yi da jarirai 18 da aka fara wa tun suna 'yan watanni, dukkansu sun kai wata 18 da rai.

Abin lura shi ne zuciya ce ta fi karɓar maganin. Cikin watanni kaurin bangonta kan ragu sosai. Sauran tsokoki ba sa amsawa haka, don haka yaran da suka rayu da yawa suna fama da raunin ƙafa, matsalar ji, da magana ta hanci, wasu kuma bugun zuciyarsu kan ci gaba da rikicewa. Sababbin magunguna sun fito a 2021 da 2023 domin cike wannan giɓi.

To, ina ruwan mutumin Betso ko Mubi da ciwon da aka gano a Holan? Ruwansa babba ne. Ana gadon ciwon ne kamar yadda ake gadon sikila: uwa da uba kowa na ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ɗaya, su lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na kamuwa. Auren zumunta yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan iyaye. Sannan wani bincike na 1998 ya nuna cewa gurɓatar da ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen Amurka masu ciwon daga Afirka ta fito, cinikin bayi ne ya tsallakar da ita. An kiyasta ciwon a cikinsu da 1 cikin haihuwa 14,000, alhali ƙiyasin da aka daɗe ana yi wa duniya 1 ne cikin 40,000. Wannan gurɓata tana daga cikin masu tsanani: jaririn da ya gaje ta ta ɓangaren uwa da uba jikinsa bai taɓa sanin sinadarin ba, don haka garkuwarsa kan ɗauki maganin a matsayin baƙo ta yaƙe shi. Dole a haɗa masa da magungunan kwantar da garkuwa tun daga farko.

Kuɗin maganin kuwa ba a magana, na babban mutum kan kai dala dubu ɗaruruwa a shekara. Amma gano ciwon bai kai haka tsada ba. Hoton ƙirji zai nuna girman zuciya, hoton zuciya ya nuna kaurin bango, sannan ɗigon jini da aka busar a kan takarda a aika ɗakin gwaji shi ke tabbatarwa. Da irin wannan ɗigo Taiwan ta fara gwada jarirai tun 2005. Ko da iyali ba su da halin magani, sanin sunan ciwon kan wanke uwar da ake zargi da yin wanka a rafi da tsakar rana, ya kuma sanar da su abin da ka iya faruwa a ciki na gaba.