Gudu Da Ƙawaye Ya Fi Gudun Kaɗaici

'Yar uwa, sau nawa kika ɗaura niyyar motsa jiki, bayan kwana uku kika watsar? Ba ragwanci ba ne, kaɗaici ne. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku haɗa 'yar ƙungiyar gudu, ku biyar ko shida, da izinin iyaye, ku riƙa haɗuwa a filin makaranta da sassafe. Ranar da sanyi ya danne ki a gado, sallamar ƙawa a tsakar gida ita za ta tashe ki. Ku riƙa gudun sassarfa, wanda za ku iya hira ba haki, kuma kada a bar ta baya ita kaɗai.

Amma fa gudu kullum yana gajiyar da gwiwa. Sai ku riƙa sirkawa: yau gudu, gobe keke ko ƙwallo, jibi hutu. Dubi Chioma Ajunwa: ta buga wa Nijeriya ƙwallon ƙafa, ta yi tsere, sannan ta ciyo lambar zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta 1996 a Amurka.

In gasar wasannin makarantarku ta zo, ku shiga tare. Ko ba ki zo ta ɗaya ba, kin ciyo lafiyarki.