Zauren Bayanan Halittun Teku: Yadda Ake Gina Shi da Amfaninsa ga Jama'a

Gabatarwa

Kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya ruwan teku ne. Nijeriya kuwa tana da rabonta a ciki, gama gaɓar tekunmu ta kai tsawon kimanin kilomita 850, tun daga iyakar Jamhuriyar Benin, yamma da Badagiri, har zuwa iyakar Kamaru. Bugu da ƙari, wata doka da aka kafa a shekarar 1978 ta tabbatar wa ƙasar nan ikon cin moriyar duk abin da ke cikin ruwa har nisan mil 200 na teku daga gaɓa, watau kimanin kilomita 370.

To, mai gona ya san iyakar gonarsa, ya san abin da ya shuka. Makiyayi ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Amma wa ya san abin da ke cikin wannan makekiyar gona ta ruwa? An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a hanyar da masana na duniya suka bi suka tara abin da aka sani game da halittun teku a wuri ɗaya a intanet, da yadda ake gina irin wannan wuri, da kuma dalilin da ya sa bai kamata a bar mu a baya ba.

Me ya haɗa mutumin tudu da teku?

Wataƙila mai karatu a Sakkwato ko Yola zai ce, "Ni da ban taɓa ganin teku ba, ina ruwana?" Lalle kuwa da ruwanka. Ruwan Gulbin Rima da na Kogin Kaduna da na Binuwai duk Kwara suke shiga, Kwara kuwa teku take faɗawa, tare da duk abin da aka zuba mata a hanya. Busasshen jatan landen da ake sa wa miya a kasuwannin Arewa daga gaɓar teku ake kawo shi. Ayu, wanda masunta na Binuwai suka san shi tun kaka da kakanni, yana zaune har a bakin teku inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Har wa yau, kimanin rabin iskar shaƙa da tsirrai ke samarwa a duniya, ƙananan tsirran teku ne suke samar da ita, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kuma duk shekara ƙasar nan tana kashe kuɗi masu yawa wajen sayo kifin ƙanƙara daga ƙetare. Saboda haka lafiyar teku magana ce ta tukunyar kowa.

Matsalar da aka so a warware

Masana sun daɗe suna binciken teku. Daga shekarar 1872 zuwa 1876 wani jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger ya kewaye duniya, ya gano irin halittu fiye da 4,000 waɗanda ba a san su ba a da. Amma sai a shekarar 1895 aka gama buga rahotonsa, cikin manyan littattafai 50. Wanda ba shi da hanyar zuwa babban ɗakin karatu, ko labarinsu ba zai ji ba.

Haka abin ya ci gaba. Wannan jami'a tana da nata kundi, wancan gidan tarihi yana da kwalabe cike da halittu, ofishin kula da kamun kifi yana da nasa rajista. Kowa ya kulle nasa a akwati. Wani masani ya yi ritaya, takardunsa su ɓace. Wani wuri gara ta cinye, wani wuri ruwa ya ɓata. Sai ka ga an sake kashe kuɗi an maimaita binciken da wani ya riga ya yi shekaru ashirin baya. Ilmin da aka kulle, da shi da babu duk ɗaya ne ga mai bukata.

Mene ne zauren bayanai?

Kowa ya san amfanin zaure a gida: nan baƙo yake sallama, nan ake kawo masa abin da ya zo nema, ba sai ya bi ɗaki ɗaki ba. Haka zauren bayanai yake a intanet. Shafi ne guda ɗaya wanda mutum zai shiga da kwamfuta ko wayar hannu, ya rubuta sunan wata halitta, nan take a nuna masa taswira mai ɗauke da duk wuraren da aka taɓa ganinta, da ranar da aka gan ta, da wanda ya gani. Ko kuma ya zana wani yanki a taswira, a jera masa halittun da aka samu a ciki.

Mafi girman irin wannan zaure na halittun teku shi ne wanda ake kira OBIS. An fara shi ne a shekarar 2000, a ƙarƙashin wani babban aiki na ƙidayar halittun teku wanda aka yi shekara goma ana yi, har zuwa 2010, inda masana kimanin 2,700 daga ƙasashe fiye da 80 suka haɗa hannu. Wani masanin teku Ba'amurke, Frederick Grassle, na Jami'ar Rutgers, yana cikin waɗanda suka ja gaba wajen kafa shi. Da aikin ƙidaya ya kusa ƙarewa, sai aka ji tsoron kada zauren ya mutu tare da shi. Don haka a shekarar 2009 hukumar kula da ilmin teku ta UNESCO ta karɓe shi, aka mai da ofishinsa garin Ostend a ƙasar Beljiyam. Yanzu yana ɗauke da bayanai fiye da miliyan 100, kuma kowa yana iya shiga kyauta.

Matakan gina zaure

Masu gini sun sani, ba da fenti ake fara gida ba. Shafin da mutum ke gani a fuskar kwamfuta shi ne aiki mafi sauƙi. Wahalar tana ƙarƙashinsa. Ga matakan:

Na ɗaya, tattara abin da ke akwai. Ana bin tsofaffin rajistoci da rahotannin jiragen bincike da takardun da ke manne jikin kwalabe, a shigar da su cikin kwamfuta layi bayan layi.

Na biyu, daidaita tsarin rubutu. Kowane bayani dole ya amsa tambayoyi huɗu: Mece ce aka gani? A ina? Yaushe? Wa ya gani? In wannan ya fara rubuta rana kafin wata, wancan kuma ya fara da wata, to kwamfuta za ta rikice. Saboda haka aka amince da ƙa'ida guda mai suna Darwin Core, wadda aka tabbatar a shekarar 2009. Ita ce ta zama mudun da kowa ke awo da shi a wannan kasuwa.

Na uku, tantance sunaye. Kifi ɗaya yana iya samun suna daban a Ikko, daban a Kalaba, daban a Dakar. Masana ma sukan ba halitta ɗaya suna biyu ko uku bisa kuskure. Don haka ake amfani da sunan Latin mai kalma biyu. Misali, kifin bonga da ake bandarsa a gaɓar tekunmu sunansa Ethmalosa fimbriata a ko'ina cikin duniya. Akwai babbar rajistar sunayen halittun teku mai suna WoRMS, wadda aka buɗe a shekarar 2007, ita ma a Ostend, mai ɗauke da ingantattun sunaye fiye da 240,000. Kowane suna sai an gwada shi da wannan rajista.

Na huɗu, binciken wuri. Ana rubuta wuri da lambobi biyu na taswira. In mai shigar da bayani ya musanya su, ko ya manta wata alama, sai a ga kifin teku ya faɗo a tsakiyar hamada. Akwai kuma wani kuskure da ya shafe mu kai tsaye: in aka bar gurbin lambobin ba kome, wani lokaci kwamfuta takan cika shi da sifiri da sifiri, wannan wuri kuwa yana cikin Tekun Gini ne, kudu da Ghana. Ta haka halittar da aka kama a wata nahiya takan bayyana a maƙwabtanmu. Ana sa kwamfuta ta tsamo irin waɗannan, a mayar wa mai su ya gyara.

Na biyar, kafa rassa. Ba a kwashe wa kowa kayansa a kai Turai. Akwai rassa fiye da 30 a ƙasashe da yankuna daban daban, ciki har da na Afirka. Kowace cibiya tana riƙe da bayananta, tana gyara su, babban zaure kuwa yana ɗebo kwafi lokaci lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, kiyaye haƙƙi. Mai bayani ne yake zaɓen sharaɗin da za a yi amfani da kayansa, kuma ana ba kowane kundi lambar shaida ta dindindin, domin wanda ya yi amfani da shi ya ambaci mai shi. Inda kuma bayyana ainihin wuri zai jawo ɓarna, kamar gaɓar da kunkurun teku ke nasa ƙwai, ana iya nuna yankin kawai ba tare da an nuna daidai wurin ba.

Na bakwai, ɗawainiya. Zaure yana bukatar wutar lantarki da ma'aikata masu horo da kuɗi a kowace shekara. Gina rijiya abu ɗaya ne, yasarta kuma wani abu ne dabam.

Amfanin da ake samu

Da farko, sanin halin da kifi ke ciki. In aka jera bayanan shekaru da yawa, za a ga irin da ke raguwa da wanda ke ƙaura saboda ɗumamar ruwa, tun kafin masunci ya dawo da taru ba kome.

Na biyu, gano baƙin halittu da wuri. A shekarar 1906 aka kawo wani irin kwakwar ruwa mai suna nipa daga Asiya aka dasa a Kalaba. Ta yi ta yaɗuwa a hankali har ta mamaye wurare masu yawa, tana korar itatuwan gaɓa na asali waɗanda kifi da jatan lande da ƙaguwa ke hayayyafa a saiwoyinsu. Rigakafi ya fi magani, amma ba a yin rigakafin abin da ba a lura da shi ba.

Na uku, lissafin ɓarna. In man fetur ya malala a ruwa, ba za a iya faɗin abin da aka rasa ba sai in akwai rubutaccen bayanin abin da ke wurin tun farko.

Na huɗu, shawarwarin duniya. A watan Disamba na 2022 ƙasashen duniya sun amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin shekarar 2030. A 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, inda ba ƙasar da ke da iko. Masu zaɓen wuraren da za a kare, irin waɗannan taswirori suke dubawa.

Inda gizo yake saƙa

Wanda ya buɗe taswirar OBIS zai ga gaɓar Turai da Amurka ta Arewa da Ostireliya cike maƙil da ɗigo, alhali kuwa gaɓar Afirka ta Yamma ɗigonta tsilla tsilla ne. Ba wai tekunmu ba shi da halittu ba ne. A nan ne ake samun wani irin dolfin mai doro wanda babu shi ko'ina sai gaɓar yammacin Afirka, wanda a shekarar 2017 aka sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Kuma ba wai ba a yi bincike ba ne sam. An yi babban binciken kifin Tekun Gini a 1963 zuwa 1964. Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Ikko tana aiki tun 1975. Jami'o'inmu kuma sun yaye ɗalibai masu yawa a wannan fanni. Abin da ya rage shi ne fito da abin da ke cikin akwati, a daidaita shi, a shigar.

Haɗarin barin gurbi a fili shi ne, mai duba taswira daga nesa yana iya ɗauka cewa inda ba ɗigo, ba abin da za a kare. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ake bukata daga jama'a

Malaman jami'a da masu bincike: ku adana ainihin lissafin da kuka yi, ba rahoto kaɗai ba, ku kuma rubuta wuri da rana daidai.

Shugabannin cibiyoyi: ku ware kuɗi da ma'aikata domin ceto tsofaffin takardu kafin su lalace.

Masunta da 'yan kasuwar kifi: idonku ne kullum a kan ruwa. In kun ga baƙuwar halitta, ko wadda kuka daina gani, ku sanar da jami'in kula da kamun kifi mafi kusa. Hoton waya mai ɗauke da rana da wuri shaida ce mai daraja.

Ɗalibai, ko na gaɓa ko na tudu: wannan aiki yana bukatar masu ilmin kwamfuta da lissafi da taswira, ba matuƙa jirgi kaɗai ba. Ana iya yin sa daga Zariya kamar yadda ake yin sa daga Fatakwal.

Kammalawa

Dukiyar da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ta fara raguwa. Zauren bayanai ba ya kama kifi, ba ya kuma hana ɓarna da kansa. Abin da yake yi shi ne ya ajiye shaida a inda kowa zai gani, domin mai yanke shawara ya yanke da sani. Teku amana ce da muka gada, za mu kuma bar wa na baya. Matakin farko na riƙon amana kuwa shi ne a rubuta abin da aka karɓa.